Neman hujin rabin milimita a Corollar Kawu

Asabar, 15 ga Fabrairu 2025

Motar Kawu ce, Toyota Corolla ta 2012, ƴar Amurka, inji 1.8. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama tun cikin watan jiya, ta ƙi mutuwa. Mota kuwa lafiyarta lau: bugu ɗaya take tashi, ba ta rawa a tsaye, shan manta bai ƙaru ba. An kai ta gareji biyu nan cikin Maradi. Na farko ya cire kan batir ya mayar, fitila ta mutu, bayan ƴan kwanaki ta dawo. Na biyu ya ce a bari ya manna mata baƙin salatif kowa ya huta. Kawu bai yarda ba, shi ya sa ta iso hannuna.

Na soka sikana, wato na'urar da ke karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota, a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lamba ɗaya ta fito, P0456. Abin da take faɗa shi ne, kwamfutar motar ta gwada hanyoyin da ke tsare tururin fetur, ta tarar iska na sulalewa ta wani huji da faɗinsa ya kai inci 0.020, wato rabin milimita. Tana da ƴan'uwa: P0442 ta hujin milimita ɗaya ce, P0455 kuma ta babban yoyo ce, irin na wanda ya manta murfin tanki a gidan mai. Tamu ita ce autarsu, kuma ita ta fi wuyar kamawa, don hujin bai wuce tsinin allura ba, ga shi iska yake fitarwa ba mai ba, balle a ga ɗigo a ƙasa.

Ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin irin motar nan ba. Fetur ko yana zaune cikin tanki tururi yake yi, in rana ta buga ya ƙara. Motocin da can barinsa suke ya fita iska. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyya a Kalifoniya, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa tururin mai da hayaƙin inji in suka haɗu da hasken rana su ke haifar da hazon da ya addabi Los Angeles. Kalifoniya ta tilasta tsare tururin a motocin 1970, sauran Amurka ta bi a 1971. Dabarar ba ta sauya ba har yau: tiyo ya ɗauki tururin daga tanki ya kai shi wani akwati mai cike da gawayi na musamman, gawayin ya riƙe shi. In inji ya yi zafi ana tafiya, sai kwamfuta ta buɗe wani bawul da ke cikin bonet, inji ya zuƙo tururin ya ƙone shi tare da mai. Akwai bawul na biyu jikin akwatin, shi ke barin iskar waje ta shiga. Na farkon a rufe yake kwana, na biyun a buɗe.

Daga 1996 dokar OBD-II, wadda ta tilasta mota ta riƙa binciken lafiyar kanta, ta hau kan motocin Amurka, aka ɗora wa kwamfutar mota aikin gwada tsarin da kanta ko yana yoyo. Dokar Turai ba ta nemi wannan gwajin ba. Motar da ta fito daga Beljiyam ko Faransa tana da akwatin gawayi da bawul, amma ba ta damu da ƙaramin huji ba. To mafi yawan makanikanmu a kan motocin Turai suka koyi aiki, don haka ban ga laifinsu ba da lambar ta zo musu baƙuwa. Laifin da nake gani na salatif ne. Fitilar nan guda ɗaya ce, ita ke faɗar yoyon tururi, ita ke faɗar filogi ya daina wuta. In aka rufe mata baki saboda ƙaramin zance, ranar babban zance ma shiru za a ji.

Kawu ya tambaye ni ko motar za ta tsaya masa a hanya. Na ce: "A'a Kawu, ku ci gaba da hawa. Abin da nake roƙo kawai kada ku bari a sayar muku da komai tukuna."

Asabar, 22 ga Fabrairu

Murfin tanki aka fara dubawa, don shi ne mafi araha, kuma shi ake buɗewa a rufe kullum. Robar da ke bakinsa ta bushe, ta yi ƴan tsage-tsage, ƙurar hunturu ta cika zaren. Bakin bututun da murfin ke zama a kai babu tsatsa, babu lanƙwasa. Nan ma wuri ne da ya cancanci kallo a garin nan, saboda masu sayar da mai a kwalba da mazurarin ƙarfe suke zubawa, kuma ba a hankali suke cusa shi ba.

Na samo sabon murfi irin na motar, mai ƙara "ƙas" in ya ɗauru. Na ƙi irin mai makulli da ake rataye wa a shaguna, don yawancinsu ba a yi su don riƙe iska ba, an yi su ne don hana ɓarawo zuƙe mai. Na goge bakin bututun, na ɗaura, na share lambar da sikana. Fitila ta mutu.

Mutuwar nan ni na kashe ta, ba motar ba. Sai ta yi gwajinta ta ce ta yarda.

Asabar, 1 ga Maris

Ta dawo. Murfin ya cancanci canji, amma ba shi ne mai laifin ba, ko kuma ba shi kaɗai ba ne.

Maigadin gidan Kawu ya tare ni a zaure da wata magana da ya daɗe yana riƙewa. Ya ce: "Malam, motar nan fa tana gurnani da tsakar dare, ba kowa cikinta, makulli na wurin Alhaji." Ya ce har addu'a ya tofa mata. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya ma zama mataimakina daga yau, don abin da ya ji shi ne gwajin da nake magana.

Motocin Toyota na wannan zamanin ba a kan hanya suke gwada yoyon ba, sai an kashe su sun huce. Jikin akwatin gawayi, can ƙarƙashin bayan mota kusa da tanki, akwai ɗan famfon lantarki, da ma'aunin matsin iska, da wani huji da kamfani ya huda da gangan, faɗinsa rabin milimita cif. Awa 5 bayan an kashe inji kwamfuta takan farka. Ta fara zuƙar iska ta hujin kamfani, ta rubuta iya matsin da famfon ya iya saukarwa. Wannan ne ma'auninta. Sannan ta rufe bawul ɗin iskar waje, ta zuƙi tanki da akwati da tiyoyi gaba ɗaya. In matsin ya sauka ya wuce ma'aunin, to duk yoyon da ke akwai bai kai rabin milimita ba, an ci jarrabawa. In ya kasa kaiwa, akwai huji. Duka aikin wajen minti 15 ne. Littafin da ke zuwa da motar ma ya faɗa, cewa za a iya jin ƙara daga ƙarƙashinta awanni bayan an kashe ta, kuma ba lalacewa ba ce.

Faɗuwa ɗaya ba ta kunna fitila. A karon farko kwamfuta ajiye lambar take a gefe tana jira, sai an sake faɗuwa a gwaji na gaba ta kunna. Shi ya sa mai cire kan batir yake samun ƴan kwanakin da zai karɓi kuɗinsa a yi masa godiya kafin asiri ya tonu.

Azumi ya kama, ni da Kawu mun yarda a jinkirta shiga ƙarƙashin mota.

Alhamis, 27 ga Maris

Kawu ya kira ni yana murna. "Ɗana, motar ta warke da kanta. Yau fiye da mako fitila ba ta kama ba."

Na je da sikana bayan la'asar. Ashe batir ne ya mutu aka sa sabo, cire shi ya share lambar. Tambayar ita ce me ya hana ta dawowa wannan karon, alhali ba a taɓa komai ba. Sikana ta ba da amsa a wuri biyu. A jerin gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta, na tururin fetur yana nan "bai kammala ba". Sannan akwai wani ɗaki na daban da motocin Amurka suka fara zuwa da shi daga 2010, inda ake ajiye lamba ta dindindin. Wannan sikana ba ta share ta, cire batir ba ya share ta, sai kwamfuta ta yi gwaji ta ci da kanta. P0456 na zaune a ciki daram.

Wato motar ba ta ci jarrabawa ba, ba ta ma zauna ba. Kuma dalilin na garinmu ne. Gwajin yana da sharuɗɗa: ruwan inji da iskar da ke shiga inji su kasance tsakanin digiri 4.4 da 35. In kwamfuta ta farka a awa 5 ta tarar da zafi, takan koma ta sake dubawa a awa 7, sannan a awa 9 da rabi, daga nan ta haƙura. In aka tayar da mota kafin lokacin, lissafi ya koma farko. To dubi rayuwar motar a goman ƙarshe. A dawo daga tarawihi wajen tara da rabi, ƙarfe ɗaya a tashe ta zuwa tahajjud, a dawo, a sake fita asuba. Babu awa 5 a jere duk daren. Da rana kuwa tana samun awannin a ƙofar shago, amma ƙarfe biyun rana a ƙarshen Maris wa zai samu ƙasa da digiri 35 cikin bonet a Maradi? Ga kuma wahalar man da aka shiga a watan nan, duk sanda Kawu ya samu layi ya kai gare shi sai ya cika tanki maƙil, gwajin kuwa yana son a bar wa iska wuri a saman mai.

A kan cikawar na ɗan yi wa Kawu magana, cikin ladabi. In famfon gidan mai ya katse da kansa, a tsaya nan. Girgiza mota da ƙara dannawa har mai ya leƙo a baki yana iya tura ruwan fetur cikin akwatin gawayi, wanda tururi aka yi shi ya sha ba ruwa ba. In ya jiƙe, an sayi sabuwar matsala mai tsada a kan ta rabin milimita.

Na tabbata akwai motoci da yawa a garin nan da ke yawo da irin wannan lafiyar ta bazara. Daga Maris zuwa saukar damina fitila shiru, in sanyi ya shigo ta kama, mai mota ya ce gyaran wancan makaniken ne bai yi ƙarko ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha sallah, yau aka fara aiki na gaske.

A manyan garejoji da injin hayaƙi ake neman irin wannan yoyon: a hura hayaƙin mai mara zafi cikin tiyoyi da matsi kaɗan, a bi da tocila a ga inda yake fita. Ba ni da shi. Wani abokin sana'a ya ce mu haɗa namu da gwangwani da wayar hita da kwamfresa, ko a hura hayaƙin sigari ta tiyo. Na ce ba da ni ba. Waya mai ja da zafi, da iska mai yawa, da tanki mai tururin fetur, ba abin da za a haɗa wuri ɗaya ba ne. Masu injin na gaske ma da yawa iskar naitirojin suke sa masa don gudun wuta. Kwamfresa kuma ko babu wuta ɓarna ce, don tsarin nan matsin da ake gwada shi da shi bai wuce rabin PSI ba (PSI shi ne ma'aunin da ake auna iskar taya da shi), abin da ake hura wa taya ya ninka haka fiye da sau 60.

Rabin PSI daidai yake da tsayin ruwa santimita 35. Wannan lissafin shi ya ba ni ma'auni. Na sayi farin tiyon nan da magina ke duba daidaiton gini da shi, na lanƙwasa shi ya yi ƙafa biyu a jikin katako, na ɗaure, na manna abin awon tela a tsakani. Na zuba ruwa rabi, na ɗiga zoɓo don ido ya gan shi. Abin hurawa kuma, ƴar robar matsawa ta tsohon abin awon hawan jini na samu, tana da maɓallinta na rufewa, kuma ba ta da ƙarfin da za ta fasa komai. Na haɗa ukun da mahaɗi mai baki uku: baki ɗaya ma'auni, ɗaya roba, ɗaya mota. Kafin na taɓa mota na toshe bakin ukun da yatsa na hura, ruwa ya tsaya cak. Ma'aunin da shi kansa yake yoyo sai ya sa ka canza wa mutum tanki a banza.

Na fara da bawul ɗin cikin bonet, tunda shi ne a kusa, kuma yakan ci amana: ƙwayar gawayi ko ƙura ta maƙale masa a baki, ya ƙi rufuwa ruf. Na cire shi na hura ta bakin da ke kallon akwati. Ruwa bai motsa ba. Na ba shi wutar batir, ya ce "ƙas", ruwa ya faɗo nan take. Na cire wuta, na sake hurawa, ya riƙe. Lafiyarsa ƙalau. Da na bi shawarar masu cewa a canza shi a gani, da kuɗin Kawu sun tafi.

Gwajin tanki na bar shi sai gobe da sassafe. Da rana fetur na ta fitar da tururi, matsin da yake ƙarawa yana iya rufe wa ƙaramin yoyo asiri, ka ga ruwa tsaye ka ce babu komai.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Bayan asuba, mota ta kwana a tsakar gida, mai wajen rabin tanki. Na roƙi maigadi ya kai kaskon shayinsa can bayan zaure, kuma kada kowa ya matso da sigari.

Na toshe tiyon iskar waje na akwatin gawayi, na haɗa ma'auni a tiyon da na cire daga bawul ɗin bonet, na yi ta matsa roba har bambancin ruwan ya kai santimita 30. Na rufe. Ruwa ya kama sauka a gaban idona, kafin minti 2 ya koma ƙasa da 5. Tun daren jiya na yi lissafi a takarda: tankin lita 50 ne, in rabinsa iska ce, ƙarin iskar da ke kawo wannan matsin ba ta kai lita ɗaya ba, hujin rabin milimita kuwa zai fitar da ita cikin minti 3 ko ƙasa. Abin da ido ya gani ya yi daidai da abin da kwamfuta ta faɗa. Yanzu yoyon ya fito daga cikin sikana ya zo inda hannu zai taɓa shi.

Saura a san ɓangaren. Na shiga ƙarƙashi na cire babban tiyon da ya haɗa tanki da akwati. Kilif ɗinsa na roba ne, shekaru da zafi sun busar da shi, da lallashi ake matsa shi ba da filaya ba. Na toshe bakin akwati, na hura ɓangaren akwati da dogon tiyon da ya tafi bonet su kaɗai. Ruwa ya ɗan sauka kaɗan ya tsaya, ya yi ta tsayuwa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don akwatin da famfonsa su ne mafi tsada a duk tsarin, kuma samun na ƴar Amurka a nan sai an sha wuya.

Na mayar da ma'auni ɓangaren tanki. Ruwa ya zube kamar ɗazu. To an rage fili: murfi, bututun zuba mai, tiyoyin saman tanki, ko wurin da famfon mai ya shiga.

Na kaɗa omo a ruwa, na sa ƙanena ya riƙa matsa roba a hankali don matsin ya zauna. Murfi, babu kumfa. Wuyan bututu da mahaɗinsa na roba, babu. Sai na ɗaga kujerar baya, na ɓamɓare murfin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, wanda ta nan ake kaiwa ga famfon mai ba sai an sauke tanki ba. Tun kafin omo na ga alama. Ƙurar da ke saman tankin ja ce busasshiya ko'ina, ban da gefe ɗaya na babban zoben da ke danne famfon, nan ta yi baƙi ta dunƙule. Haƙoran zoben kuma duk sun sha sara, an ga inda aka kafa sukudireba aka bi da guduma. Na goge, na zuba ruwan omo. Ƴan ƙananan kumfa suka fara tasowa a jere a wuri ɗaya, ba su fi faɗin farce ba.

Na kira Kawu ya gani da idonsa. Ya duƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Af! Bara ne, a hanyar Damagaram. Mun sha mai a bakin hanya, mota ta mutu bayan Tasawa, wani yaro ya canza mini famfo a gindin bishiya." Na ce: "Ai kuwa ya fisshe ku Kawu, ya kawo ku gida. Robar ce kawai ba ya da sabuwa."

Asabar, 12 ga Afrilu

Robar zobe, wato wadda ke kwanciya tsakanin famfon mai da bakin tanki ta hana yoyo, ba ta samu a Maradi ba. Masu kayan gyara suna da famfo, suna da tsofaffin tankuna da aka ciro daga motocin da aka yanka, amma sabuwar roba ita kaɗai babu mai ajiye ta, don babu mai tambaya. Wani ya miƙo mini ta jikin tsohon tanki, na mayar masa. Robar da ta riga ta kwanta a wani wuri ta ɗauki siffarsa, ba za ta sake kwanciya daidai a nan ba.

Na ba wani direban da ke bin hanyar Dan Isa zuwa Katsina da Kano lambar shasin motar a rubuce, ya nemo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, roba da zoben duka, tunda haƙoran tsohon sun tafi. Na jaddada masa ya ce ta Amurka ce. Kafin nan na ce Kawu ya daina wuce rabin tanki, saboda hujin da ke fitar da iska in mai ya kai wurin mai zai fitar, kuma a ƙarƙashin kujerar da yara ke zama.

Asabar, 19 ga Afrilu

Kaya sun iso, an ɗaura.

Na bari mai ya yi ƙasa sosai. Na cire soket ɗin famfo, na tayar da inji har ya mutu da kansa don matsin da ke cikin tiyon mai ya sauka, sannan na cire kan batir. Ƙofofi huɗu a buɗe, a fili. Na wanke saman tankin tas kafin na kwance komai, don duk ƙurar da aka bari cikin tanki za ta faɗa.

Da famfo ya fito sai labarin ya cika. Tsohuwar robar ta kumbura ta fi wurinta girma, wajen mayarwa ta naɗe a gefe ɗaya zobe ya danne ta a haka, aka bi da jan gam ɗin silikon aka shafe. Silikon ba ya jure fetur. Ya yi laushi ya saki, wani ma ya faɗa ciki, na tsince shi a jikin rariyar famfo. Ya riƙe na ƴan watanni, shi ya sa fitila ba ta kama tun bara ba.

Sabuwar roba a bushe na sa ta, ba gam ba giris. Wajen sauke famfo a kula da hannun ma'aunin mai kada ya lanƙwashe. Zoben kuma ban sa masa guduma ba. Wani mai walda ya lanƙwasa mini ƙarfe mai ƙafa uku da ke kama haƙoran, na juya a hankali ina danne famfon da ɗaya hannun har alamar zobe ta zo inda ya kamata.

Na mayar da tiyoyi, na bar na iskar waje a toshe, na hura duka tsarin zuwa santimita 30. Bayan minti 10 yana 29. Da rana ta fara taɓa motar ma sai ya soma hawa da kansa, alamar tururi na taruwa ba ya samun hanyar fita. Omo a kan zobe, shiru. Na cire abin da na toshe tiyon iska da shi, na duba sau biyu cewa na cire, don in aka manta shi motar za ta ƙi shan mai a gidan mai, ta kuma kawo wata lambar.

Gwajina bai taɓa bawul ɗin iskar waje ba, tunda ta bayansa na toshe. Wannan sai kwamfuta.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Samun gwaji a tsakiyar bazara sai da shiri. Garejin Kawu rufin kwano ne, yana riƙe zafi har asuba, don haka na ce a riƙa kwana da motar a tsakar gida, a kashe ta da magariba, a ɗaga bonet, mai tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu. In an kashe ƙarfe bakwai, kwamfuta za ta leƙa sha biyun dare, da ƙarfe biyu, da huɗu da rabi. Na roƙi Kawu kada a taɓa makulli kafin nan, ko don ɗauko wani abu a kunna wuta. Ya ce masallacin unguwa ma ya ishe shi, da ƙafa zai je.

Daren farko ba a samu ba, da safe sikana ta ce bai kammala ba. Jiya da hantsi maigadi ya kira ni, ya ce ta yi gurnaninta wajen ƙarfe biyu. Na bari Kawu ya yi zirga-zirgarsa ta yini, yau na je na soka sikana. Gwajin tururin fetur ya kammala. Babu lamba a ajiye, babu mai jira, ɗakin lambar dindindin babu komai. Wannan ya wanke bawul ɗin iskar waje shi ma, don da yana yoyo da ba a ci ba.

Abu biyu suka rage. Matatar iskar da ke kan hanyar shiga akwatin gawayi ta sha ƙura, ina so in duba ta kafin ta toshe. Sannan rariyar famfon da na tsinci silikon a jikinta na wanke ta ne kawai na mayar, na sa direban ya taho da sabuwa in ya sake shiga Kano. Kawu zai cika tanki ranar Asabar, iya inda famfo ya katse, in ɗaga kujera in duba zoben ko ya jiƙe.